Gwaggo Ta Rasu a Kan Tudun Makaranta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani takaici da har yau ya ƙi kwanciya, Auta, malamar kimiyya a makarantar kan tudu, a madadin mahaifinta da mahaifiyarta da yayanta wanda ba a nemi izininsa ba, tana sanar da 'yan uwa, abokan aiki, maƙwabta da duk wanda ya taɓa cin arziƙin kujerar baya, rasuwar motar gidansu mai shan dizal, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da safe, ƙarfe takwas saura kwata, a bakin ƙofar makaranta, a gaban ɗalibai ɗari huɗu da ke tsaye a layi, bayan jinyar mako bakwai. Shekararta goma sha tara a gidan.

Ga waɗanda ba su san asalin sunan ba: Baba, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar motar ɗaukar kaya, ba shi da 'yar uwa mace. Ranar da ya shigo da marigayiya cikin layi, ya tara yaransa biyu a ƙofar gida ya ce ga ƙanwarsa nan ya samo, su gaishe ta. Yaya ya ƙi. Auta, tana da shekara takwas a lokacin, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da bambar gaban motar. Tun daga ranar sunan ya zauna.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinta ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Ba ta taɓa ƙin tashi da safe ba, sai dai takan yi gyaran murya tukuna, gar-gar-gar-gam, kamar dattijuwar da aka tasa daga barci mai daɗi. Ita ta kai Inna asibiti ranar da ƙafarta ta karye, ta dawo da ita. Ita ta ɗauko firjin gidan a kan rufinta, ƙofarsa tana buɗewa tana rufewa duk tsawon hanya. Ita ta kai Auta jami'a da akwati ɗaya, ta dawo da ita bayan shekara huɗu da kwali shida na littattafai da bakin da ba ya barin magana ta wuce. Ƙofarta ta baya ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje, abin da ya koya wa baƙi da yawa ladabin jira. Ba ta da ƙyashi: ta ja motocin da suka fi ta kyau daga cikin taɓo, ba ta taɓa yi musu gori ba.

A tsawon zamanta da Baba, abu ɗaya ne mutanen gida suka riƙa ƙorafi a kansa. Duk inda ya je da ita, idan ya dawo ya tsaya a ƙofar gida, ba ya kashe ta nan take. Sai ya cire giya, ya sauke hannuwansa daga sitiyari, ya zauna shiru tana silo, wato inji na juyawa a hankali ba a taka totur ba, har kusan minti biyu. Inna ta ce gudun aike yake yi. Yaya ya ce labaran rediyo yake ƙarasawa, ko da yake rediyon ya mutu tun shekara ta uku. Auta kuwa, da ta dawo daga jami'a, ta juya bayan kalandar falo ta lissafa masa yawan man da wannan zama yake ƙonawa a shekara, da yawan hayaƙin da yake zubawa a hancin maƙwabta, ta karanta masa a gaban kowa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce lissafin ya yi kyau. Washegari ya dawo, ya cire giya, ya zauna minti biyunsa.

Shekara biyu da suka wuce idon Baba ya soma hazo, likita ya hana shi tuƙi. Yaya ya riga ya sayi sabon maɗaurin makulli. Amma Baba ya miƙa wa Auta motar, ya ce makarantarta ce mai nisa, kuma tudu ne. Yaya bai ɓoye abin da ke ransa ba. Ya ce motar dizal ba ta hannun mai riƙe alli ba ce, kuma ya ba Farfesa, haka yake kiranta idan yana son ya ɓata mata rai, shekara ɗaya ta kai Gwaggo kabari. Auta ta miƙe tsaye a tsakiyar falo ta yi alkawari, Inna na shaida, cewa Gwaggo za ta cika shekara ashirin da biyar a hannunta, kuma ranar da ta cika, Yaya ne zai wanke ta. Da Baba ya rako ta bakin mota, ya fara ce mata idan ta isa inda za ta, ta ɗan bar ta tana silo kafin ta kashe. Ta tambaye shi dalili. Ya ce haka aka koya masa. Ta ce, cikin ladabi daidai gwargwado, abin da ba shi da hujja sabo ne kawai, ta karɓi makulli.

A rubuta, domin masu surutu, cewa babu motar da ta samu kulawa irin wadda marigayiya ta samu a waɗannan shekaru biyu. Auta ta buɗe mata littafi na musamman. Ba a taɓa wuce ranar juyen baƙin mai ba. Ana auna iskar taya duk Asabar. An hana cin gyaɗa a ciki. Kuma a duk tsawon lokacin, malamar kimiyya ba ta makara ko sau ɗaya ba: takan haura tudun nan mai tsawon kilomita uku da giya ta uku, ta taka totur har ƙasa, ta iso bakin ƙofa takwas saura kwata daidai, ta murɗe makulli tun tayoyi ba su gama tsayawa ba, ta ɗauki jaka ta shiga layin malamai kafin a kaɗa ƙararrawa. Shugaban makaranta ya sha ba da misali da ita.

Ciwon ajali ya fara ne da sauyin murya. A cikin ƙirjin marigayiya akwai wani abu da ake kira tobo, ɗan ƙarfe mai kamar katantanwa, da farfela biyu a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita yana juya ta farko, ta biyu kuma tana tura iska cikin inji, shi ne ƙarfin motar a kan tudu. Lokacin da take da lafiya, idan aka taka ta, takan yi wani siririn fito, fiiii, wanda sai mai kunne yake ji. Wata safiya fiton ya koma wiiyuu, wiiyuu, kamar motar asibiti tana tahowa daga nesa, har Auta ta kauce gefen titi sau biyu tana ba kanta hanya. Bayan kwana uku ƙarfi ya tafi. A kan tudu, mai babur ɗauke da katifa ya wuce su, ya waiwayo ya dube su da tausayi. Sai shuɗin hayaƙi ya soma bin su a baya. Baƙin mai kuma yana raguwa a sandar awo, alhali kwalin da Auta ta shimfiɗa a ƙarƙashin motar ya kwana ya tashi babu ɗigo ko ɗaya.

Malamar kimiyya ba ta tsaya kuka ba. Ta karanta abin da za ta karanta, ta naɗe hannun riga, ta buɗe bonet a ƙofar gida, maƙwabta na leƙe. Ta kwance tiyon da ke fitowa daga tobo, ta zura yatsa, ya fito baƙi ƙirin da mai. Ta kama kan farfelar ta girgiza, ta ji tana rawa kamar haƙorin da ya kusa fita. Man da ba ya zuba a ƙasa, ashe cikin inji yake bi. Ta rubuta a littafinta da jan biro, ta ja layi biyu a ƙarƙashi: tobo ne. Wannan ya faru mako shida cur kafin rasuwa. Ana roƙon masu karatu su riƙe wannan adadi.

Bakanike na farko bai dubi fuskarta ba. Ya dubi motar, ya dubi bayan Auta, ya tambaya ina maigidan. Da ta ce ita ce maigidan, kuma tobo ne, ya ce matatar mai ce ta toshe, duk masu dizal haka suke zuwa da tsoro. Ya canza matata. Gwaggo ta fito daga garejinsa tana wiiyuu kamar yadda ta shiga.

Na biyu ya fi shi iya wasan kwaikwayo. Ya ɗora bakin sukudireba a kan inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron sirri, sannan ya yanke hukunci cewa nozul ne, wato bakunan da ke fesa mai. Auta ta buɗe littafinta ta nuna masa alamomi huɗu a jere, ta roƙe shi ya kwance tiyo ɗaya kawai ya gani da idonsa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tambaye ta ko yanzu a aji ake koyar da gyaran mota, ya ce ta bar wa masu abu abinsu. Ya riƙe marigayiya kwana tara. A kwanakin nan Auta ta riƙa hawa tudu a ƙafa da kwalin takardun ɗalibai a ka, ba ta makara ba, kuma ba ta nemi Yaya ya rage mata hanya ba, ko da yake kullum yakan wuce ta a motar wurin aikinsa yana rage gudu da gangan. Da aka sallamo Gwaggo, hayaƙin ya ƙaru.

Na uku ya yarda cewa wataƙila tobo ne, abin da ya sa Auta ta kusa yi masa godiya da hawaye. Sai ya ƙara da cewa ai ba a taɓa tobo, lallaɓa shi ake yi: a zuba mai mai kauri, a rage gudu, a bar wa Allah sauran.

A gida ma ba a samu sauƙi ba. Yaya ya ce gurɓataccen dizal ne da ƙafar mace. Don ya nuna shi ma yana da hakki a kan marigayiya, sai ya ɗauki ɗabi'ar zuwa ranar Asabar da galan, ya ɗura mata baƙin mai har ya wuce alama, yana cewa ƙishirwa ce ke damunta. Inna ta ba da shawarar a huta da hawa tudu sai ta warke. Baba yana zaune a bencinsa na ƙofar gida, idan motar ta tsaya yakan karkata kai yana saurare, ya buɗe baki, sai ya ji an riga an murɗe makulli, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Daga ƙarshe wata abokiyar aiki ta yi mata kwatancen wani tsohon bakanike a bayan kasuwar katako, wanda ba ya taɓa komai sai dizal. Ta kira shi. Bai tambayi maigida ba. Ya ce ta kara wayar a jikin inji, ya saurara, ya ce ta kawo ta ranar Laraba, kuma kafin nan kada ta tashe ta. Ranar Talata ɗalibanta ke rubuta jarrabawar kimiyya, takardun tambayoyi suna hannunta, an kuma wayi gari da ruwan sama. Hanya biyu ce: ta kira Yaya, ko ta roƙi Gwaggo hawa ɗaya na ƙarshe. Mai wannan sanarwa ba za ta ɓoye wadda ta zaɓa ba.

Sun hau. A hankali, da giya ta biyu, amma sun hau. A bakin ƙofar makaranta Auta ta murɗe makulli ta zare shi, ta ɗauki jaka. Gwaggo ba ta mutu ba. Makulli na hannun mai shi, inji na ci gaba da juyawa, yana ƙara gudu, yana ƙara gudu, har muryar da aka sani da gar-gar ta koma wani ihu da ba a taɓa jin irinsa daga bakinta ba. Tobo ya saki gaba ɗaya, baƙin mai ya kwarara cikin inji, marigayiya ta koma shan man jikinta, kuma injin dizal da ya samu abin sha ba ya jin maganar makulli. Farin hayaƙi ya rufe ƙofa, ya rufe allon sunan makaranta. Mai gadi ya bar sandarsa a tsaye ya yi gaba. Layin ɗalibai ya watse. An ga shugaban makaranta a bayan tankin ruwa yana ba da umarnin a kwantar da hankali.

Auta ba ta gudu ba. Ta koma ciki ta taka birki, ta sa giya ta biyar, ta saki kuloci don ta shaƙe injin. Tsohon kuloci ya zame, ya yi ƙauri, bai riƙe ba. Ta fito ta buɗe bonet cikin hayaƙin da ba ta ganin hannunta, ta fizge tiyon iska wanda ta sha kwancewa har ya saba da ita, ta ɗauko rajistar ajinta mai ƙaton bango ta danna a bakin ramin da iska ke shiga, ta kwanta a kai da ƙarfinta duka. Inji ya tsotsi rajistar har bangonta ya lotsa. Ya yi tari. Ya yi wata ƙara daga can ƙasa, ƙwal, kamar an jefa guduma cikin tukunyar ƙarfe. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ke nan. Malamar kimiyya ta share fuska da gefen mayafi, ta shiga aji da baƙin mai har gwiwar hannu, ta raba takardu. An fara jarrabawa a kan lokaci.

Ranar Laraba Gwaggo ta cika alkawarinta da tsohon bakanike, a bayan motar janwe. Auta ta matsa sai Yaya ya zo, ta kuma riƙo hannun Baba ta zaunar da shi a kan wata tsohuwar taya. Tsohon ya duba ƙasan inji, ya nuna ramin da ƙarfe ya fasa ya fito, ya ce wannan kam sai haƙuri. Sannan ya kwance tobo ya ɗora a kan tebur, ya taɓa farfelar da yatsa, ta faɗi gefe. Ya ce duk wanda ya ce tobo ne tun farko ya san abin da yake yi, kuma da an canza shi mako shida da suka wuce, da motar nan ta binne su duka. Ya ƙara da cewa wanda ya riƙa cika mata mai fiye da alama, shi ya ƙara wa wutar itace. Auta ta juya ta dubi Yaya. Ta daɗe tana dubansa. Ta nemi tsohon ya maimaita, ya maimaita.

Da a nan aka tashi, da wannan sanarwa ta fi haka daɗin rubutawa. Amma tsohon ya ciro wani siririn bututu, wanda ke kai wa tobo man da ke sanyaya shi, ya hura, iska ba ta wuce ba. Ya ƙwanƙwasa shi a tebur, baƙin gari kamar gawayi ya zubo. Ya ce tobo yakan yi zafi har ya yi ja idan mota ta hau tudu. Idan aka kashe inji a lokacin, mai ya daina zagayawa, wanda ya rage a ciki ya ƙone ya daskare, yau kaɗan gobe kaɗan, har hanya ta toshe sanda ta cinye kanta. Maganinsa kuwa ba wani abu ba ne, a bar mota tana silo minti biyu kafin a kashe. Ya ce abin da ya ba shi mamaki, tobon nan na asali ne, ya yi shekara goma sha bakwai lafiya ƙalau, sannan wani ya dafa shi cikin shekara biyu. Ya ɗaga kai ya tambaya, ba da mugunta ba:

"Wa ke kashe ta da zafinta?"

Yaya ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu ba tare da ya juya ba, ya rufe. Auta ta tsaya da littafinta mai jan biro a hannu. Ba tsohon ta yi wa magana ba.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa mini dalilin ba?"

"Ban san shi ba, Auta," in ji Baba. "Wanda ya koya mini tuƙi cewa ya yi, in ka wahalar da ita, ka bari ta sauke numfashi. Kin tambaye ni hujja, ni kuma ba ni da ita. Yau na ji ta, tare da ke."

Marigayiya ta rasu ta bar Baba, wanda har yanzu yake karkata kai idan wata mai dizal ta wuce layi. Da Inna, wadda ta ce ashe ba gudun aike yake yi ba, amma ba ta janye sauran ƙorafe-ƙorafenta ba. Da Yaya da rabin galan na baƙin mai. Da safayar taya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak, da lema biyu da aka tsinta a ƙarƙashin kujera, da rediyon da ya riga ta. Ta kuma bar Auta, wadda alkawarinta ya gaza da shekara shida, wadda ta gano ciwon da ƙwararru uku suka kasa ganowa, kuma wadda ta haddasa shi da hannunta na dama, kowace safiya, takwas saura kwata. Tana so a rubuta duka biyun, kada a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Za ta ci gaba da hawa tudu a ƙafa, kuma ba za ta makara ba.

Za a yi bankwana da gawa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a garejin tsohon bakanike, bayan kasuwar katako, kafin masu sayen tsohon ƙarfe su zo da motarsu. Yaya ne zai yi mata wanka. Ba ta kai ashirin da biyar ba, amma shi ya nema da kansa, an kuma ba shi. An cire kujerar direba, za a ajiye ta a ƙofar gida a madadin bencin Baba, inda za a ci gaba da karɓar gaisuwa har kwana uku. Ba a gayyaci bakanike na farko da na biyu ba. Na uku zai iya zuwa, ya tsaya daga baya. Ba za a karɓi ta'aziyyar da ta fara da "ai da ma" ba.

Ana roƙon duk wanda zai zo da mota, idan ya iso, ya cire giya, ya sauke hannuwansa daga sitiyari, ya zauna shiru minti biyu kafin ya kashe. Baba zai kasance a kujerarsa yana saurare. Wanda ya nemi hujja, a turo shi wurin Auta. Tana da ita yanzu, a cikin kwali, a kan teburinta na ɗakin gwaje-gwaje, kuma farfelarta tana rawa idan an taɓa.